Shekara tara Fedora na jan ƙafa kafin ta rungumi Btrfs: me ya faru a ƙarƙashin faifai?

Ranar 27 ga Oktoba 2020 aka saki Fedora 33, sabuwar fitowar Fedora, wato wani nau'in Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Wanda ya ɗora ta a sabuwar kwamfutarsa ran nan, ya yi ta danna "ci gaba" bai taɓa komai ba, da wuya ya lura da wani bambanci. Allo dai shi ne, manhajoji su ne. Amma can ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, an sauya abin da ke riƙe da kowane hoto, kowace takarda da kowace waƙa da zai ajiye. Tsarin ajiyar fayil da ake kira ext4, wanda Fedora ta dogara da shi tun fitowar Fedora 11 a 2009, ya sauka daga kujera, Btrfs ya hau. Wasu na kiransa "bata-ef-es", wasu "bi-tiri-ef-es", kuma har yau masu shi ba su tilasta wa kowa lafazi ɗaya ba.

Faifan ajiya na kwamfuta, ko irin na da mai juyawa ne ko SSD, bai san wani abu wai shi fayil ba. Abin da ya sani gurabe ne jere da lambobi, kamar ƙaton sito mai miliyoyin kantoci marasa suna. Tsarin ajiyar fayil shi ne magatakardan siton. Shi ya san cewa hoton bikin ƙanwarka yana kanta kaza da kanta kaza, sunansa kaza, an ajiye shi ran kaza, wane ne ke da izinin buɗe shi. In littafin magatakarda ya jiƙe, kayan na nan a sito amma ba mai iya nuna maka su. Shi ya sa masu haɗa Linux za su iya sauya kalar allo ko manhajar kallon bidiyo kowane wata shida ba wanda zai ɗaga murya, amma da an ambaci tsarin fayil sai kowa ya gyara zama. Manhajar bidiyo in ta lalace sai a sake ta da wata. Takardun digirin da tsarin fayil ya cinye kuwa sun tafi ke nan.

Zuciyar Linux, wato kenel, ta daɗe tana ɗauke da tsare-tsare da dama a lokaci guda: ext4, XFS, Btrfs da sauransu. Tun kafin 2020 duk mai so yana iya zaɓar Btrfs a Fedora da hannunsa. Abin da aka sauya shi ne zaɓin da ke zuwa kai-tsaye in mutum bai ce komai ba. Kuma yawancin mutane ba sa cewa komai. Ɗalibin da ke ɗora Linux karon farko bai san an yi masa zaɓi ba ma, balle ya yi gardama. Don haka duk wanda ya tsayar da wannan zaɓi ya ɗauki amanar mutanen da ba su san sun ba shi amana ba.

Don a gane bambancin tsarin biyu, a tuna da allon makaranta. Salon ext4 shi ne a wanke wurin da za a gyara a sake rubutu a kansa. Haɗarin a fili yake: in aka katse ka bayan ka wanke kafin ka gama rubutawa, ba tsohon karatu, ba sabo. Maganin da aka samo tun zamanin ext3, wanda Stephen Tweedie ya jagoranta ya shiga kenel a 2001, shi ne ɗan littafin niyya. Kafin magatakarda ya taɓa babban kundi sai ya fara rubuta abin da yake shirin yi a wannan littafi. In wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, da kwamfuta ta tashi sai a duba littafin, a ƙarasa abin da aka fara ko a yi watsi da shi. Dabara ce mai kyau, kuma ta yi aiki shekara da shekaru. Sai dai a yadda aka saba saita ta, taswirar sito take karewa, ba kayan da ke cikin kantoci ba.

Btrfs ba ya wanke allo. In za a gyara wani abu, sai ya ɗauko sabon allo ya rubuta gyararren karatun a kai, sai ya tabbata an gama tsaf sannan ya ce daga yanzu wannan ne na gaskiya, ya saki tsohon. In wuta ta ɗauke kafin nan, tsohon allo na nan lafiya lau. Chris Mason ne ya fara gina shi a 2007 yana aiki a Oracle, bisa wata dabara da Ohad Rodeh, mai bincike a IBM, ya gabatar kan yadda za a yi wa bishiyar bayanai irin wannan gyara ba tare da taɓa tsohon reshe ba. Ya shiga kenel 2.6.29 a Maris 2009, watanni uku kacal bayan an ayyana ext4 a matsayin wanda ya nuna a kenel 2.6.28. Theodore Ts'o, mai kula da ext4 da kansa, ya faɗa tun a wancan lokacin cewa ext4 gada ce kawai, Btrfs ne hanyar gaba.

To, in haka ne, me ya hana?

An gwada. A 2011 an shirya cewa Fedora 16 za ta fito da Btrfs, Josef Bacik, wanda a lokacin yake aiki a kamfanin Red Hat, shi ne kan gaba. Aka janye, babban dalili kuwa shi ne manhajar da za ta duba faifai ta gyara shi in ya samu matsala ba ta kammala ba. Ba ka tura mota doguwar tafiya ba tare da jak da safaya ba. Aka ce sai fitowa ta gaba, ta gaban ta zo ta wuce, maganar ta bi ruwa.

A tsakanin nan hanyoyi suka rabu. Kamfanin SUSE na Jamus ya rungumi Btrfs, ya sa shi ya zama zaɓin kai-tsaye na ɓangaren manhaja a SUSE Linux Enterprise 12 da openSUSE 13.2, duka a 2014, ya haɗa shi da Snapper, wadda ke ɗaukar hoton yanayin kwamfuta kafin kowace sabuntawa don a iya komawa baya in abu ya ɓaci. Ko su ma da farko sun bar fayilolin mai kwamfuta a kan XFS. Red Hat kuwa ya bi wata hanya. A RHEL 7, wato Red Hat Enterprise Linux, nau'in Linux na kamfanin, shi ma na 2014, ya zaɓi XFS, tsohon tsarin da Silicon Graphics ya ƙera a farkon shekarun 1990, ya bar Btrfs a matsayin abin gwaji. A 2017, da fitowar RHEL 7.4, ya sanar cewa ya haƙura da shi, kuma RHEL 8 na 2019 ya fito babu shi sam. Ya koma gina wani abu nasa mai suna Stratis a kan XFS.

Nan ne abin ke da ɗaure kai. Red Hat ne ke ɗaukar nauyin Fedora, kuma daga Fedora ake yanko RHEL. Sai ga ɗiya ta ɗauki abin da uban gida ya fitar daga gidansa shekara uku da suka wuce. Fedora tana da kwamitin injiniyoyi da ake zaɓa, FESCo, mai mutum tara, kuma shi ne ya amince da sauyin a Yulin 2020. A cikin masu gabatar da ƙudurin akwai Chris Murphy da Neal Gompa daga cikin al'ummar Fedora, akwai kuma Josef Bacik ɗin nan na 2011, wanda ya riga ya koma Facebook tare da Chris Mason tun ƙarshen 2013, da wasu abokan aikinsa irin su Davide Cavalca da Michel Salim.

A ganina wannan jerin sunaye ya fi duk wani bayanin fasaha muhimmanci. Fa'idojin Btrfs an san su tun 2009. Tambayar da ta hana ruwa gudu ita ce: in faifan wani ya ƙi buɗewa bayan sabunta kenel, wa zai zauna ya warware? Ma'aikatan Red Hat masu kula da tsarin fayil gwanayen XFS da ext4 ne, kuma ba a biyan su don Btrfs. Sai da aka samu mutanen da suka san cikinsa da bayansa suka ce mun ɗauka, sannan ƙudurin ya samu ƙafar tsayawa. SUSE ma abin da ya ba shi ƙarfin gwiwa ke nan tun farko, yana da injiniyoyinsa a kai, ciki har da David Sterba, wanda ke tattara gyare-gyaren Btrfs yana miƙa wa Linus Torvalds, jagoran kenel ɗin Linux.

Abin mamaki, hujjar da aka fi kafawa da ita ba ta da wani armashi. Matsalar wuri ce. A tsohon tsari, Fedora kan raba faifai gida biyu da katanga ta amfani da LVM, manhajar rarraba faifai: wani yanki mai ƙayyadadden girma na manhajar kanta, ragowar na fayilolin mai kwamfuta. A ce kana da laftof na hannu mai SSD gigabait 128, irin wanda ya cika kasuwanninmu. Ka ɗora manhajoji, ka zazzago wasu masu cin wuri ta Flatpak, wata hanyar ɗora manhajoji, wata rana ka zo sabuntawa sai kwamfuta ta ce babu wuri. Ka buɗe jakar fayilolinka ka ga gigabait 40 zaune ba abin da suke yi. Wurin na nan, amma yana bayan katanga. Ko kuma akasin haka: bidiyoyi sun cika naka ɓangaren, na manhaja na hamma. Matsar da katangar aiki ne na masu sani, domin ext4 ba ya yarda a rage girmansa yana cikin aiki, sai ka tashi kwamfutar daga filashi, ka buga umarni uku ko huɗu da kuskure ɗaya a cikinsu zai iya cinye komai. XFS kuwa an san shi da cewa faɗaɗa shi ake yi, ba a rage shi.

Btrfs ya rushe katangar. Manhaja da fayilolinka suna zama a ɗakuna biyu daban, kowanne da sunansa, amma rumbu ɗaya suke ɗiba. Wanda ya buƙaci wuri ya ɗauka. In ka tashi sake ɗora Fedora, kana iya share ɗakin manhaja ka bar naka yadda yake. Ƙaramin yankin da kwamfuta ke tashi daga shi ne kawai aka bari a kan ext4.

Hujja ta biyu ta fi zurfi. Btrfs yana lissafa wata lambar shaida ga kowane guntun bayani da ya rubuta, ya adana ta daban. Duk lokacin da aka zo karantawa sai ya sake lissafi ya gwada. In ba su yi daidai ba, ya san wani abu ya taɓu, sai ya ƙi miƙa maka gurɓataccen bayani, ya rubuta a rahoton kenel cewa ga inda aka samu matsala. ext4 da XFS na zamani suna yin irin wannan ga taswirarsu, amma ba ga abin da ke cikin fayil ba. Ma'ana, in faifai ya fara ruɓewa a hankali, ext4 zai miƙo maka hoton da rabinsa ya koma toka-toka bai ce uffan ba, kai kuma ka kwafe shi haka zuwa ajiyarka ta ko-ta-kwana, ka danne mai kyau da marar kyau.

Wannan baiwa tana da ɗaci. A kwamfuta mai faifai ɗaya, Btrfs yana iya gane cewa fayil ya lalace amma ba shi da kwafi na biyu da zai gyara da shi. Abin da mai kwamfuta zai gani shi ne fayil ya ƙi buɗuwa, ya ce ai da ext4 ban taɓa ganin haka ba. Gaskiya ne bai taɓa gani ba, domin ba a taɓa faɗa masa ba. Sau da yawa laifin na ƙwaƙwalwar kwamfuta ne da ta fara kuskure, ko faifai mai arha. Akwai ma faifan da ke yin ƙarya: kenel ya ce masa tabbatar ka rubuta wannan kafin ka taɓa wancan, ya amsa da na rubuta alhali abin na cikin ƙwaƙwalwarsa ta wucin gadi. Duk dabarar sabon allo ta dogara ne kan wannan alkawari. In faifai ya karya shi kuma wuta ta ɗauke a daidai lokacin, taswira za ta nuna allon da ba a rubuta ba. Ga wanda ke zaune inda ɗauke wuta ba labari ba ne, da kwamfutar tebur ba batir, da SSD da ba a san asalinsa ba, wannan ba zancen littafi ba ne. Mai laftof da batirinsa ke riƙe caji ya fi samun sauƙi.

Masu adawa da sauyin sun tsaya a daidai nan, kuma ba su yi ƙarya ba. Manhajar gyaran ext4, e2fsck, ta shafe fiye da shekara ashirin tana cin karo da kowace irin ɓarna, kuma ext4 na ajiye muhimman sassan taswirarsa a wuraren da aka sani, don haka ko ya ji rauni akan ceto mafi yawan kaya. Btrfs bishiya ce da ke yawo a kan faifai. In aka rasa wani babban reshe, abin da ke rataye da shi na iya ɓacewa gaba ɗaya. Takardun Btrfs da kansu suna gargaɗin kada a yi amfani da umarnin gyaransa sai da shawarar wanda ya sani. Da aka kawo hujjar cewa Facebook na amfani da shi a kan miliyoyin na'urori, amsar da aka bayar mai ƙarfi ce: in saba ɗaya, wato kwamfutar da ke yi wa masu amfani hidima, ta lalace a Facebook, share ta ake yi a sake ɗorawa, bayanan na wasu wurare. Ɗalibar da ke rubuta kundin digirinta a laftof ɗaya tilo ba ta da wannan gata. Su kuma masu goyon baya suka ce miliyoyin na'urorin nan sun riga sun tono kurakuran da mutum ɗaya ba zai taɓa ci karo da su ba a rayuwarsa, kuma an ci gaba da ƙara hanyoyin buɗe faifan da ya ji rauni don a kwashe abin da ya rage. An kuma tuna wa jama'a cewa ext4 ma ya yi nasa ƙuruciyar: a 2009 mutane sun tarar da fayilolinsu sun koma fanko bayan kwamfuta ta mutu ba zato, sai da aka yi gyara a kenel 2.6.30.

Akwai sauran ƙananan ƙaiƙayi. Fayil ɗin da ake yawan gyara cikinsa, kamar rumbun bayanai ko faifan kwamfutar da ke gudana a cikin kwamfuta, yakan tarwatse gutsi-gutsi saboda kowane gyara sabon wuri yake nema. Ana iya kashe masa wannan ɗabi'a, amma da an kashe, lambar shaida ma ta tafi. Lissafin wurin da ya rage a faifai ya zama ƙiyasi. Salon RAID 5 da 6 na Btrfs kuwa, wato haɗa faifai da yawa su yi aiki tare, har masu shi ba sa ba da shawarar a dogara da shi, sai dai wannan bai shafi mai laftof ba. Kuma ba shi da kulle bayanai na kansa, Fedora na sa LUKS, makullin faifai na Linux, a ƙarƙashinsa kamar yadda take yi da ext4.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Fedora ta shiga ruwan da ƙafa ɗaya. Abin da Btrfs ya fi suna da shi shi ne hoton yanayi, wanda ke ɗaukuwa cikin ƙiftawar ido domin ba kwafi ake yi ba, hana sakin tsofaffin alluna kawai ake yi. Fedora 33 ba ta kunna shi ba. Matse bayanai don rage cin wuri ma ba ta kunna ba sai a Fedora 34, cikin Afrilun 2021, da dabarar matsewa ta zstd a mataki na 1, mafi sauƙi ga na'ura. Sauyin ya tsaya kan nau'o'in kwamfutar tebur da laftof. Fedora Server ta ci gaba da XFS, nau'in Cloud ya biyo baya a Fedora 35. Wasu sun ga wannan a matsayin sayen doki a ɗaure shi a turke. Ni ina ganin sun rage yawan abubuwan da za su iya ɓaci a lokaci guda, ta yadda in ƙara ta zo za a san daga ina take.

Ba a kuma taɓa kwamfutar kowa ba. A kwatanta da Apple: a Maris 2017, da iOS 10.3, ya juya wayoyin iPhone daga tsarin fayil na HFS+ zuwa APFS a cikin sabuntawa ta yau da kullum, masu wayoyin na barci ko suna shan shayi. Apple ya iya haka domin shi ya ƙera kowace na'ura, ya san irin ma'ajiyar da ke cikinta. Fedora na gudana a kan abin da Allah ya hore wa mutum, daga sabon ThinkPad zuwa tsohuwar kwamfutar da aka haɗa da kayan gwanjo. Akwai manhajar da ke juya ext4 zuwa Btrfs a inda yake, amma ba wanda ya yi gangancin sakin ta a kan jama'a.

Tarihi ma na ba da dalilin taka-tsantsan. SUSE ya taɓa dogara da tsarin fayil mai suna ReiserFS, ya bar shi ya koma ext3 a 2006, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne masu kula da shi sun yi ƙaranci. An cire ReiserFS daga kenel gaba ɗaya a 6.13, farkon 2025. ZFS, wani tsarin fayil da kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 2005 kuma da yawa ke ganin ya fi Btrfs nuna, lasisinsa na CDDL bai jitu da lasisin GPL na kenel ba, don haka bai taɓa shiga ciki ba. Ubuntu, wani nau'in Linux, ta saka shi a matsayin zaɓin gwaji a 19.10, amma zaɓinta na kai-tsaye bai bar ext4 ba, haka ma Debian. Tsarin fayil na bcachefs na Kent Overstreet ya shiga kenel 6.7 a Janairun 2024 da kyakkyawan fata, ya fita a 2025 bayan doguwar taƙaddama da Torvalds kan ƙa'idar shigar da gyare-gyare. A duka ukun, abin da ya yanke hukunci mutane ne da lasisi da zamantakewar aiki.

Wanda ke son sanin a kan me kwamfutarsa take, ya buɗe tagar umarni ya buga findmnt / ya duba layin da ya fito. Laftof ɗin da aka ɗora wa Fedora a 2019 aka yi ta sabunta shi duk wata shida zai nuna ext4 a kan LVM, da katangarsa yadda aka gina ta, ko da lambar Fedora da ke kansa ita ce ta baya-bayan nan. Na kusa da shi, da aka ɗora wa daga farko bayan Oktoban 2020, zai nuna btrfs.